Ranar 4 Ga Yuli A Amurka: Yadda Baƙi Ke Zama 'Yan Ƙasa A Gidan Jefferson

Kowace shekara ran 4 ga watan Yuli mutanen Amurka sukan yi bikin tunawa da ranar da kakanninsu suka shelanta 'yancin kai daga mulkin Ingila a 1776. Akan yi fareti da rana, da dare kuma a cika sararin sama da wasan wuta. Amma a wani gida da ke kan tudu kusa da garin Charlottesville cikin Jihar Virginia, bikin yakan ɗauki wata kama dabam.

Sunan gidan Monticello, kuma na Thomas Jefferson ne, wanda ya tsara takardar shelar 'yancin, daga baya ya zama shugaban ƙasa na uku. Ya rasu a gidan ran 4 ga Yuli 1826, shekara 50 cif bayan shelar. Tun daga 1963 ake zaman kotu a farfajiyar gidan, inda alƙalin tarayya yakan rantsar da baƙi su zama 'yan ƙasa. A 1976, lokacin da ƙasar ta cika shekara 200, Shugaba Gerald Ford ya halarci taron, haka ma Shugaba George W. Bush a 2008.

Kafin mutum ya kai ga wannan rana, galibi sai ya shekara biyar da takardar izinin zama na dindindin, ko uku idan yana aure da ɗan ƙasa. Sai kuma ya ci jarrabawar Turanci da ta tarihi da tsarin mulki. Bayan haka ne zai ɗaga hannun dama ya yi rantsuwar kare tsarin mulkin Amurka, tare da janye mubaya'arsa daga kowace ƙasa ta waje.

To, sai dai wannan ƙofa ba a buɗe take ga kowa ba tun farko. Dokar 1790 ta keɓe zama ɗan ƙasa ga fararen fata waɗanda ba bayi ba. 'Yan asalin Afirka ba su sami dama ba sai a 1870, bayan yaƙin basasa. Mutanen Sin suka jira har 1943, kuma sai a 1952 aka soke sharaɗin launin fata baki ɗaya. Shi kansa Jefferson, da ya rubuta cewa daidai aka halicci mutane, ya mallaki bayi fiye da 600 a tsawon rayuwarsa, yawancinsu a wannan gida suka yi bauta.

Saboda haka duk sa'ad da baƙar fata ya tsaya a farfajiyar Monticello ya karɓi takardar shaidar zama ɗan ƙasa, yana cin gajiyar gwagwarmayar da ta ɗauki shekara fiye da 160 kafin doka ta daina duban launin mai nema.