Shago Muke Ginawa ko Tanderu?

A bazarar da ta wuce wani taubashina ya buɗe shagon sayar da magani a wajejen Ƙofar Kware a nan Sakkwato, ya matsa mini lamba sai na zo na sa albarka. Na isa bayan azahar. Daga nesa shagon ya burge ni, domin fuskarsa gilashi ce tun daga ƙasa har sama, an zagaye ta da farantan alminiyam masu ɗaukar ido. Ina tura ƙofa sai wani huci ya doke ni a fuska kamar na leƙa tanderun gurasa. An ɗauke wuta, janareto babu mai, yaron shago ya tuɓe riga yana fifita da kwali. Na ɗauko kwalbar maganin tarin yara daga kantar da ke jingine da gilashin, sai da na sauya hannu saboda zafi. A jikin kwalinta kuwa an rubuta ɓaro-ɓaro cewa a ajiye inda zafi bai wuce maki 30 ba.

Na ce masa, "Taubashi, ai ka riga ka dafa maganin nan. Me ya hana ka yi bango mai kauri, ka fitar da rumfa a gaba?"

Ya kwashe da dariya, ya ce, "Kai dai bawana da son tsohon yayi! Wa ka shiga shagon laka shi sai magani? Ai sai a ce tsiya ta kama ni."

Wannan magana na gaji da jin ta. Na ji ta a bakin masu kemis, na ji ta a bakin masu sayar da atamfa da masu kayan masarufi, har da wasu da suka yi karatun zanen gini. An kafa mana wani camfi a ka, wai shagon zamani shi ne gilashi da kwano da silin roba, wanda ba shi da hali kuma ya sayi kwantena ya huda mata ƙofa. Ƙasa da inuwa da iska, waɗanda Allah ya hore mana a arha, an mayar da su alamar talauci.

Masana suna kiran abin da nake magana a kai tsara wuri da kayan gini masu ɗorewa. A taƙaice, ka gina da abin da ke kusa da kai, wanda ba ya cinye aljihu wajen sanyaya shi, kuma in an rushe ba ya zama bola. Wannan ya isa ma'ana.

Mu koma kan camfin. Masu shi suna cewa ginin ƙasa ba ya ƙarko. To, hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 da ƙasa aka yi ta, an fara ta tun wajen 1515, aka sake gina ta a 1844, tana nan tsaye. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, bakan gizonsa na ƙasa da azara har yau yana ɗauke da rufinsa. Gidan Makama a Kano yana nan ana shiga ana fita. Shi kansa garin nan, ganuwar da Muhammadu Bello ya kewaye shi da ita bayan 1809, wadda Ƙofar Kware take ɗaya daga cikin ƙofofinta takwas, tubali ne da laka. Magina na da sun san abin da ke hana ruwa cin bango. Suna shafe da makuba daga ɓawon ɗorawa, suna haɗa laso da katsin marina, suna fitar da indararo ya zubar da ruwa nesa da gindin gini. Mu muka daina yaɓe, muka daina gyara, sannan muka juyo muna zagin ƙasa.

Ba zan ɓoye ba, ambaliyar 2010 ta kwantar da gidajen ƙasa masu yawa a yankin Goronyo da sauran garuruwan bakin gulbin Rima, kuma duk wanda ya ga wannan yana da hujjar jin tsoro. Amma a duba yadda aka yi irin waɗannan gidaje: babu harsashin dutse, bango yana zaune kai tsaye cikin danshi, rufi bai leƙo ya kare shi ba. Ginin ƙasa ta ƙafa da ta ka ruwa yake kashe shi. In an ɗaga masa ƙafa da dutse da siminti, aka sa masa rufi mai faɗin baki, an gama da mafi yawan matsalar.

Sai masu cewa ƙauyanci ne. Su nake so su bi hanyar da ta fita ta Ƙofar Kware ɗin nan, su wuce Kware da Illela, su tsallaka Ƙonni, su shiga jihar Tawa ta Nijar. A can akwai wani gari na Hausawa, Dandaji. A 2018 wata mai zanen gine-gine 'yar Nijar, Mariam Issoufou Kamara, ta tsara musu kasuwa. Rumfunan da bulon ƙasa da aka matse a inji aka gina su, a kewayen tsohuwar bishiyar da kasuwar take ci a ƙarƙashinta tun asali. A sama ta kakkafa faya-fayan ƙarfe masu launi iri-iri, wani ya ɗara wani tsawo, suna ba da inuwa kamar rassan itace, iska tana ratsa tsakaninsu. Hoton wannan kasuwa ya zaga mujallun gine-gine na duniya. A jihar dai, masallacin Yama da magini Falke Barmu ya fara a 1962 ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Babbar kasuwar Kudugu a Burkina Faso, mai shaguna fiye da dubu, ita ma da bulon ƙasa aka yi ta, ta ci wannan kyauta a 2007. A baje kolin duniya na Dubai da aka buɗe a 2021, Maroko ta lulluɓe rumfarta mai tsawon sama da mita 30 da dandaƙaƙƙiyar ƙasa, a garin da ya cika da gine-ginen gilashi. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya fara suna da makarantar firamare ta ƙasa a ƙauyensu Gando, shi ne ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker a 2022. Waɗannan duk ƙauyawa ne, taubashina ne ɗan birni?

Dalilin da ya sa suke komawa ga ƙasa ba ƙawa ba ce kawai. Bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, kafin ya ratsa ciki yamma ta yi, da dare kuma ya saki abin da ya sha. Shi ya sa zauren kakanka yake da sanyi da tsakar rana, ga ɗumi da hunturu. Bulo inci shida mai rami a ciki ba ya iya wannan riƙo. Kwano kuwa nan take yake ɗaukar zafi ya juye shi a kan wanda ke ƙasa. Gilashi ya fi su sharri, domin yana barin hasken rana ya shiga, zafin da ya haifar kuma ya rasa hanyar fita, kamar motar da aka kulle a rana. A garin da zafi ke haura maki 40 a watan Afrilu, wanda ya fuskantar da gilashi yamma ya ɗaura wa kansa sayen man janareto har ranar da zai bar shagon. Atamfa tana koɗewa, turare yana tashi, man shafawa yana narkewa, alewa tana cakuɗewa. Asarar dukiya ke nan. Na mai magani ya wuce asara, haƙƙin rai ne, domin uwar da ta sayi maganin da zafi ya raunana ba ta san abin da ta ɗura wa ɗanta ba. Mu ji tsoron Allah.

Kada a ce ina gaba da siminti. Kamfaninsa yana nan Kalambaina tun shekarun 1960, 'yan'uwanmu da yawa a nan suke ci. Amma a sa shi inda ya dace. Bulon ƙasa na inji ɗan siminti kaɗan yake buƙata, abin da bai kai kashi goma cikin ɗari ba, kuma Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa ta daɗe tana ƙera injinan buga shi.

To, mai shirin buɗe shago, ga abin da nake ba ka shawara. Kafin ka kira birkila, je ka tsaya a filin da ƙarfe uku na rana, ka ga ta inda rana take dukan wurin. In hanya ta tilasta maka fuskantar yamma, fitar da baranda mai zurfi, taku uku ko huɗu, yadda rana ba za ta taɓa kayanka ba, mai ciniki kuma ya sami inda zai tsaya ya yi taya. In kana son gilashi don a hango kaya, yi taga madaidaiciya a ƙarƙashin inuwar barandar. Ɗaga rufi sama sosai, ka bar sarari tsakanin kwano da silin, gefe da gefe a buɗe da raga, iska ta riƙa kwashe zafin kafin ya sauko. Dabarar da Kéré ya yi a Gando ke nan, kuma kowane mai walda a Sakkwato zai iya ta in an nuna masa. Huda ƙananan tagogi can sama kusa da silin, ka sa musu ƙarfe saboda ɓarayi, domin iska mai zafi sama take hawa tana neman mafita. Shafa wa kwanon farin fenti. Harsashi ya zama dutse da siminti, ya tashi kamar kamu biyu daga ƙasa, sannan bulon ƙasa ya hau. Bar dogon yaron da ka tarar a wurin, in babu ka dasa. Na sha ganin an sare bishiya don kada ta rufe allon suna, daga baya mai shagon ya sayi tamfol ya ɗaura a gurbinta.

A ciki ma akwai magana. Kayan da zafi ke lalatawa su koma bangon da rana ba ta duka, can ƙasa-ƙasa. Bar hanyar da mutum biyu za su gifta, kada ka cika ta da kwali har mace mai goyo ta kasa juyawa. Janareto da galan ɗin mai su zauna a waje. In da hali ka yi ƙofa ta biyu. Duk wanda ya ga abin da gobara ta yi wa Babbar Kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, da ta Katsina bayan wata biyu, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan silin roba da tarin leda. A nan ne ma zan ja kunnen masu ɗauka cewa ina kiran a koma zana da ciyawa a tsakiyar kasuwa. A'a. Bangon ƙasa ba ya cin wuta, zana kuwa abincinta ce. Akwai kuma laifin wayarin na ganganci da masu ba da haya da ba su yarda a taɓa gininsu, amma wannan zance ne na wata rana.

Inda zana da asabari da tabarma suke da gurbi shi ne rumfar baje koli, wadda kwanakinta ƙidayayyu ne. Ku je filin baje koli a Kaduna ko Kano ko nan Sakkwato washegarin rufewa, ku ga tulin falankin da aka farfasa da yagaggun allunan roba da iska ke yawo da su. Kuɗi ne aka zubar don kwana goma. Da an yi ƙashin rumfar da ƙarfe ko gora, aka ɗaure da noti maimakon ƙusa, sai a kwance a adana har baɗi. A rufe gefe da asabari, iska tana shiga, haske yana ratsowa. Abin takaici, za ka ga rumfar jihar da ake alfahari da jar fatarta har ƙasashen waje, an jera jakunkuna da takalman dukawa a kan teburin roba, bayansu ƙaton hoton wani babba ya rufe rabin wurin. Tabarmar kaba da faifai da ƙwarya da farin saƙi sun fi fito da kyan fatar nan, kuɗin kuma ya koma hannun masaƙa da mata masu ɗinkin faifai. Azara kam a yi hattara da ita, giginya tana shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma ta yi ƙaranci.

Ina roƙon gwamnatin jiha da shugabannin 'yan kasuwa, duk lokacin da za a sake gina wani layin shaguna, a ware ko guda goma a yi su da bulon ƙasa da rufi mai shan iska, a rataya ma'aunin zafi a cikinsu da cikin na kwano, a bar 'yan kasuwa su karanta da idonsu a watan Afrilu. Kai kuma mai sayen magani, in ka shiga kemis ka ji kwalba da zafi a hannunka, ajiye ta ka nemi wani shagon.