Tsara Hanyar Waya a Ofisoshin Gona na Karkara

Gabatarwa

Kafin shekarar 2001, malamin gona da ke aiki a ƙauye ba shi da hanyar isar da rahoto ga ofishin shiyya sai ya hau babur ko ya ba direban motar kasuwa takarda. A watan Agustan wannan shekara kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar salula a Nijeriya, sannan Glo ya biyo baya a 2003. Yanzu kusan kowane ofishin gona da rumbun ƙungiyar manoma yana da waya, amma ba kowa ne ya tanadi abin da zai yi ba ranar da sabis ya ɗauke alhali ga matsala ta taso.

Akwai matsalolin da ba su jira. Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, tana iya gamawa da ɗakin kaji cikin kwanaki kaɗan. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara da ta bayyana a 2016 ta fi sauƙin magancewa tun tana ƙarama. Saran maciji da gubar maganin feshi kuwa, jinkirin awa ɗaya yana iya jawo asarar rai.

Layi ya zama na ofis

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba manoma lambar malamin gona ta kansa. Ranar da aka yi masa sauyin wurin aiki sai ya tafi da layinsa, manoma su yi ta kiran wanda ya bar yankin. Ku keɓe waya da layi domin aikin ofis kawai, ku rubuta lambar da fenti a jikin bango. Tun daga watan Disamban 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, saboda haka ku tambayi kamfanin waya ƙa'idar rajistar layi da sunan ofis ko ƙungiya. A riƙa amfani da layin a kai a kai, domin wanda ya daɗe a ajiye kamfani yana iya rufe shi ya sayar wa wani.

Idan ma'aikatanku suna da yawa, ku nemi tsarin nan da ake biyan kuɗi sau ɗaya a wata, 'yan rukuni ɗaya su kira junansu ba tare da ƙarin caji ba.

Kada a dogara ga kamfani ɗaya

Ku tanadi layuka biyu na kamfanoni daban-daban. Sai dai ku sani cewa sau da yawa kamfanoni biyu ko uku suna ɗora na'urorinsu a kan turken sadarwa guda. Idan man janaretan turken ya ƙare ko aka sace baturansa, duk layukan sai su ɗauke tare. Don haka ku zagaya da waya ku gano wuraren da ake samun sabis daga wani turken daban, ko kan tudu ne ko bakin babbar hanya, ku rubuta su a littafin ofis. Ku gwada da damina ku kuma gwada da rani. Inda sabis ya yi rauni, rubutaccen saƙo yakan wuce ko da kira ya ƙi shiga. Kada ku sayi na'urar ƙara ƙarfin sabis a kasuwa, domin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta hana amfani da ita ba tare da izini ba.

Wutar caji

Ƙaramar waya mai madannai takan yi kwanaki da caji ɗaya, ita ce ta dace da layin gaggawa. Faifan sola mai wat 50 da batir mai bolt 12 sun ishi ƙaramin ofis cajin wayoyi da kunna fitila. A goge faifan kowane mako, musamman lokacin hunturu da ƙura ke rage masa ƙarfi, kuma kada a bar batir ya zuƙe ƙarƙaf. A cire wayoyi daga caji idan hadari ya taso da tsawa.

Kiran gaggawa

Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Kyauta ce, ana kiranta ko babu kuɗi a waya, kuma daga can ake haɗa mai kira da 'yan sanda, 'yan kwana-kwana ko motar asibiti. Lambar jami'an kiyaye haɗurra a kan hanya kuma 122 ce. Ba a kiran waɗannan lambobi ta WhatsApp, sai ta layin waya kai tsaye.

Wanda ya amsa kiran yana iya kasancewa a babban birnin jiha, bai san ƙauyenku ba. Ku rubuta kwatancen ofis a kwali ku manna kusa da waya: sunan ƙauye, gunduma, ƙaramar hukuma, hanyar da mota za ta bi da wata alama sananniya kamar makaranta ko kasuwa. A ƙarƙashinsa ku jera lambobin asibiti mafi kusa, likitan dabbobi, baturen 'yan sanda, dagaci da direbobi biyu na garin. A karkara sau da yawa direban gari ne zai fara isowa.

Idan sabis ya ɗauke gaba ɗaya

Wannan ya sha faruwa. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda dalilan tsaro, daga baya aka rufe a wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna, har aka shafe makonni babu kira. A watan Maris na 2024 lalacewar wayoyin ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ta kawo cikas ga intanet a ƙasashe da dama. Ku amince da ofishin shiyya tun yanzu a kan waɗannan matakai:

1. Lokacin da za a riƙa jin juna kowace rana, misali ƙarfe 9 na safe.
2. Idan aka kwana biyu ba a ji ku ba, ofishin shiyya ya turo mutum.
3. A ware babur ɗaya da lita 5 na fetur da ba za a taɓa ba sai don kai saƙo.
4. A rubuta sanarwar gaggawa a takarda a kai wa dagaci, a yi shela a masallaci, coci da kasuwa.

Kammalawa

A farkon kowane wata ku gwada layukan biyu, ku duba batir, ku tabbatar lambobin da ke jikin kwali suna aiki. Kada a kira 112 domin gwaji. Manomi kuma ya rubuta lambar ofishin gona a takarda ya ajiye a gida, domin idan waya ta ɓata ko ta mutu, duk lambobin da ke cikinta sun tafi. Ku kammala wannan shiri kafin faɗuwar ruwan farko, tun hanyoyi suna biyuwa.