Kaurin Bangon Mahaifa: Yadda Robar Tazarar Haihuwa Ta Zama Magani

Galibin mata sun san robar da ake sanyawa a cikin mahaifa ne a matsayin hanyar tazarar haihuwa. Sai dai nau'in robar mai ɗauke da sinadari ya zama zaɓin farko na likitocin mata wajen magance kaurin bangon mahaifa, lalurar da kan rikiɗe zuwa sankara idan aka yi sakaci da ita.

A kowane wata, sinadarin istirojin ne ke gina shimfiɗar cikin mahaifa domin karɓar ciki. Da zarar ƙwai ya fita, sai wani sinadarin mai suna firojestaron ya taka wa ginin birki. Idan ciki bai shiga ba, shimfiɗar ta zube a matsayin jinin al'ada. Matsalar takan taso ne idan ƙwai ya daina fita a kan kari, domin a lokacin istirojin kan ci gaba da gini babu mai tsawata masa, bangon ya yi ta kauri.

Shi ya sa lalurar ta fi samun matan da al'adarsu ke dab da ɗaukewa ko ta riga ta ɗauke, da masu lalurar PCOS da ke hana ƙwai fita, da masu ƙiba sosai, kasancewar kitse ma yana samar da istirojin. Haka nan masu shan maganin tamozifen na sankarar mama.

Babbar alamar ita ce rikicewar jini: al'ada mai yawa ko mai daɗewa, ko jini tsakanin al'ada da al'ada, ko kuma dawowar jini bayan mace ta daina al'ada gaba ɗaya. Hoton sikanin kan nuna kaurin, amma ba ya faɗin irinsa. Wajibi ne a ɗebo ɗan abin da ke bangon mahaifar a duba shi a madubin likita.

Tun shekarar 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa lalurar gida biyu. Akwai kaurin da ƙwayoyin halittarsa ba su sauya kama ba, wanda haɗarin komawarsa sankara bai kai kashi 5 cikin 100 ba a tsawon shekara 20. Akwai kuma wanda ƙwayoyin suka fara sauya kama, wanda haɗarinsa ya fi haka nesa ba kusa ba.

Ga kashi na farko ne kwalejin likitocin mata ta Birtaniya, RCOG, ta sanya robar a sahun gaba cikin ƙa'idojin da ta fitar a 2016. Robar, wadda aka fi sani da sunan Mirena, tana da siffar harafin T, tana kuma ɗauke da miligiram 52 na sinadarin da ke aiki irin na firojestaron. Takan saki kimanin maikirogiram 20 a kullum kai tsaye a kan bangon mahaifa, har shimfiɗar ta sirance. Ta fi ƙwayoyin sha saurar da bangon, ga shi babu batun mantuwa, kuma kaɗan ne daga sinadarin ke shiga sauran jiki.

Ya kamata a lura cewa robar jan ƙarfe, wadda ita ma ake sanyawa a asibitoci don tazarar haihuwa, ba ta wannan aikin; hasali ma tana iya ƙara yawan jinin.

Maganin ba ya gaza wata 6, kuma wadda ba ta neman haihuwa nan kusa za ta iya barin robar har shekara 5. Ana sake gwajin bangon duk bayan wata 6, kuma ba a sallamar mace sai an samu sakamako mai kyau sau biyu a jere.

A watannin farko akan ga ɗigon jini jefi-jefi, daga baya al'adar ta ragu ko ta ɗauke, wanda ba abin tsoro ba ne. Robar kan fito da kanta ga kusan mace 1 cikin 20, don haka dawowar jini mai yawa dalili ne na komawa asibiti.

Ga kashi na biyu kuwa, cire mahaifa ta hanyar tiyata shi ne maganin da ake ba da shawara a kai. Wadda ke son haihuwa za a iya sanya mata robar bayan an tabbatar babu sankara, tare da gwaji duk wata 3. Bayan bangon ya warke, akan cire robar domin ta nemi ciki.

Rage ƙiba na taimakawa wajen hana lalurar dawowa. Duk macen da ta ga jini bayan ta shekara ba ta al'ada, ko da ɗigo ne, ta ga likitan mata ba tare da ɓata lokaci ba.