Zafi da ɗauke wuta: Yadda za a kare naman kaza daga lalacewa a Birnin Kebbi da Argungu

A watan Afrilu, zafi a Birnin Kebbi da Argungu yakan haura digiri 40. A irin wannan yanayi, kazar da aka yanka da safe, aka fige, aka bari cikin roba, tana iya kwantar da 'yan gida da amai da gudawa, ko da ba ta fara wari ba.

Ƙwayoyin cuta irin su Salmonella suna zama a hanjin kaza, kuma sukan taɓa naman lokacin da ake fiɗa. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 suke hayayyafa, wasu ma sukan ninka yawansu cikin minti 20.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, na 2015 ya ƙiyasta cewa gurɓataccen abinci yana kashe mutum 420,000 duk shekara, 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Firji ba ya warware matsalar shi kaɗai idan ana yawan ɗauke wuta. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ce firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kimanin awa huɗu, firiza cikakkiya awa 48, mai rabin kaya kuma awa 24. Kazar da ta narke ta ɗauki ɗumi, mayar da ita firiza ba ya kashe ƙwayoyin da suka riga suka yaɗu.

Masuntan Argungu sun daɗe da sanin maganin zafi: kifin da ba a sayar ba, banda ake yi masa tun bai kwana ba. Kaza ma haka take so, daga yanka sai tukunya.

A wanke ta nesa da latas, tumatir da sauran abin da ake ci ɗanye. Wuƙa da tire da hannu, a wanke su da sabulu kafin a taɓa wani abu. A dafa har sai babu jini a jikin ƙashi.

Farfesu ko soyayyar kazar da ta rage, WHO ta ce kada ta wuce awa biyu a waje. Idan ta kwana a firji, a sake ɗumama ta sosai, ta yi zafi har ciki, kafin a ba yara.