Cire Tsohon Fenti Daga Kayan Wasa: Haɗarinsa da Matakan Kariya

Wasu mutane kan sayi tsofaffin 'yan motoci da 'yan sojoji na ƙarfe ko na roba a gwanjo, su kankare fentin, su shafa sabo. Aikin yana da haɗari guda biyu: ƙurar tsohon fentin, da sinadaran da ake narka shi da su.

Dalma a cikin fenti

A shekarar 1978 Amurka ta haramta fenti mai dalma a gidaje da kayan wasan yara. Kayan da aka ƙera kafin lokacin, ko waɗanda ba a san asalinsu ba, suna iya ɗauke da ita. Wasu tsofaffin 'yan sojojin ma da dalmar aka ƙera su. Idan aka goge su da samfefa a bushe, ko aka babbake fentin da wuta, dalmar takan zama ƙura ko hayaƙi. Yara suka fi cutuwa, domin suna yawan kai hannu baki, kuma ƙwaƙwalwarsu tana kan girma. Ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Sinadaran narka fenti

Tururin tina yana jawo jiri da ciwon kai, kuma yana saurin kama wuta. Soda mai kaifi tana ƙona fata da ido. Wasu magungunan cire fenti suna da sinadarin metilin kulorayid, wanda jiki ke mayarwa iskar kabon monoksayid, har ya yi kisa a rufaffen ɗaki.

Matakan kariya

1. A jiƙa abin a kwalba mai murfi, a goge da tsohon buroshi tun yana jiƙe.
2. A yi aikin a waje, nesa da wuta da abinci.
3. A sa safar hannu da tabarau.
4. Kada yara da masu juna biyu su kusanci wurin.
5. Kada a zuba sinadari a gorar ruwa ko ta lemo.

Yaushe za a je asibiti?

Idan yaro ya sha sinadarin, kada a sa shi amai, kada a ba shi manja ko madara. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar. Idan ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15. Yawan ciwon ciki, taurin bayan gida, ƙarancin jini ko jijjiga na iya zama alamun gubar dalma. Sau da yawa ba ta nuna alama, gwajin jini ne kawai ke tabbatar da ita.