Banadiyam: Ƙarfen Da Farashinsa Ke Bin Kasuwar Rodi

Duk wanda ya duba sifanar bakanike zai iya ganin an buga haruffan Cr-V a jikinta. Harafin na ƙarshe yana nufin banadiyam, wani ƙarfe mai launin azurfa wanda ba a cika amfani da shi shi kaɗai ba, sai dai a zuba shi kaɗan cikin narkakken baƙin ƙarfe domin ya ƙara masa ƙwari. Kusan kashi 90 cikin ɗari na banadiyam ɗin da ake samarwa a duniya masana'antun ƙarfe ne ke shanye shi.

Andrés Manuel del Río ne ya fara gano shi a Meziko a 1801, kana Nils Sefström na Suwidin ya sake gano shi a 1830, ya kuma raɗa masa suna. Darajarsa a masana'antu ta fito fili a 1908, lokacin da kamfanin Ford na Amurka ya fitar da motar Model T, wadda aka ƙera gatarinta da wasu sassan injinta da ƙarfe mai banadiyam. Motar ta yi sauƙin nauyi, ta kuma jure munanan hanyoyin karkara.

Yadda yake aiki shi ne, yakan haɗu da sinadaran kabon da naitirojin da ke cikin ƙarfen, su zama 'yan ƙananan ƙwayoyi masu tauri waɗanda ke hana ƙarfen saurin lanƙwashewa. Abin da bai wuce kilo ɗaya ba a cikin tan guda ya isa ya ƙara wa rodi ƙwari sosai, ta yadda magini zai sa rodi kaɗan ginin ya ɗauki nauyin da ake bukata. Haka nan akwai gamin taitaniyam mai ɗauke da kashi 6 na alminiyam da kashi 4 na banadiyam, wanda ake ƙera sassan jiragen sama da shi.

Sai dai kasuwarsa tana da wata matsala. Yawancin banadiyam ba don kansa ake haƙo shi ba. Ana tatso shi ne daga kashin ƙarfen da ke saura bayan an narka wata irin tama, musamman a Sin da Rasha. Sin kaɗai na samar da fiye da rabin na duniya, sai Rasha da Afirka ta Kudu da Brazil. Ke nan ko farashi ya tashi, ba a iya ƙara yawansa nan take, domin mai masana'anta ba zai ƙara narka tama ba sai in ƙarfen kansa yana da kasuwa.

An ga illar hakan a 'yan shekarun baya. Masana'antar Highveld ta Afirka ta Kudu, ɗaya daga cikin manyan masu samar da shi, ta durƙushe a 2015. Daga nan a watan Nuwamban 2018 gwamnatin Sin ta fara aiki da sabon ma'aunin ingancin rodi, wanda ya tilasta wa masana'antu ƙara irin waɗannan sinadarai. Laba ɗaya ta garin banadiyam, wadda ba ta kai dala 3 ba a ƙarshen 2015, ta doshi dala 30. Kafin ƙarshen 2019 kuwa ta faɗo ƙasa da dala 7, saboda masana'antu da dama sun koma ga niyobiyam. Wannan kishiya tasa ba baƙuwa ba ce a Nijeriya, domin daga ma'adinin kolumbait ake samun ta, wanda Filato ta yi fice wajen fitar da shi a shekarun 1950.

Masu zuba jari na sa ran batura za su rage dogaron banadiyam ga harkar gini. Maria Skyllas-Kazacos ta Jami'ar New South Wales a Ostireliya ta ƙirƙiro baturin ruwan banadiyam a shekarun 1980, kuma a 2022 an haɗa wani mai ƙarfin megawat 100 da layin lantarki a birnin Dalian na Sin. Irin wannan baturi ya yi girma da nauyi ga mota, amma ya dace da adana wutar hasken rana, ruwansa kuma yakan yi shekaru ana amfani da shi. Duk da haka kasonsa a kasuwar bai kai kusa da na ƙarfe ba, saboda haka yawan gine-ginen da ake yi a Sin shi ne har yanzu ke yanke farashi.