Wanda Ya Taɓa Ciwon Hankali In Ya Zo Neman Aiki

Jama'a, kowa ya san ciwo ba ya sallama. Yakan kama ƙafa, yakan kama ido, yakan kama ciki. Haka kuma yakan kama ƙwaƙwalwa, ya taɓa hankalin mutum. Wani sai baƙin ciki ya danne shi, ya kasa ci, ya kasa barci. Wani tsoro ya dame shi ba dalili. Wani kuwa ya riƙa jin magana, alhali ba kowa kusa da shi.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019, cikin kowane mutum 8 na duniya, 1 yana fama da wani irinsa. Watau ba garin da babu shi. Kuma yana da magani. Waɗansu sukan warke sarai. Waɗansu sai sun riƙa shan magani kullum, kamar mai ciwon suga, amma suna harkarsu lafiya lau.

To, ga inda wahala take. Mutum ya je asibiti, ya sami sauƙi, ya komo gida. Sai ya tafi neman aiki wurin mai injin niƙa, ko ɗan kwangila, ko ofis. Da an ji labarinsa, sai a ce, "Ai wannan ya taɓa hauka." Shi ke nan, an sallame shi. Ba wanda ya tambayi abin da ya iya.

Ku lura da ɓarnar da wannan ke jawowa. Da fari, iyalinsa su shiga yunwa. Na biyu, ya rasa kuɗin magani, zaman banza da tunani su tayar masa da ciwon. Na uku, wanda ya ga abin da aka yi masa sai ya ɓoye nasa ciwon, ya ƙi zuwa asibiti don kada a sani, har abin ya yi tsanani.

An daɗe da gane cewa zama cikin mutane da yin aiki suna taimakon mai wannan ciwo. A shekarar 1954 wani likita, Dokta Adeoye Lambo, ya gwada wata dabara a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle marasa lafiya, sai ya saukar da su a gidajen mutanen ƙauye, kowa tare da ɗan'uwansa. Da rana su zo asibiti a duba su, sa'an nan su koma cikin jama'a. Da yawa suka sami sauƙi, har labarin Aro ya bazu ƙasashen duniya.

Yanzu kuma akwai doka. A watan Janairu na 2019 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta hana nuna wa masu naƙasa bambanci. Dokar ta haɗa har da wanda ciwon hankali ya daɗe a jikinsa. Ta ce wanda ya nuna bambanci, tararsa naira 100,000, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu. In kamfani ne, naira miliyan 1. Ta ce kuma ma'aikatun Gwamnati su ware wa masu naƙasa aƙalla gurbi 5 cikin kowane 100.

A Janairu na 2023 aka sa hannu a kan wata dokar, ta lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ita kuwa ta hana a kori ma'aikaci don kawai ya taɓa wannan ciwo, ko don yana shan magani.

Kai maigida mai ɗaukar ma'aikata, ga abin da ya kamata. Tambaye shi sana'arsa. Ba shi aiki na kwana biyu ka gwada hannunsa, gani ya kori ji. In ya iya, ɗauke shi, ka biya shi kamar kowa. Ran da zai je ganin likita, ba shi dama. Abin da ya gaya maka na ciwonsa amana ce, kada ka kai shi bakin kasuwa. In akwai aikin da likita ya hana shi, kamar tuƙin mota don maganin yana sa barci, sai ka duba masa wani.

Kai kuma mai neman aiki, kada ka bar magani don ka ji sauƙi, sai likita ya ce. Akwai asibitin wannan ciwo a Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Sakkwato, da Dawanau ta Kano. In an hana ka aiki saboda ciwon kaɗai, kana da ikon kai ƙara.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda aka mayar yau ɗan wani ne, gobe kuwa yana iya zama naka.

Tambayoyi
1. Wace ɓarna ke aukuwa in an hana wanda ya sami sauƙi aiki?
2. Me Dokta Lambo ya yi a Aro?
3. Me ya kamata maigida ya duba kafin ya ɗauki ma'aikaci?